Shekarar da Aka Sace Mini Tashar Zariya

Ke Zainab da kai Abba, kun daɗe kuna ba da labarin nan yadda kuka ga dama. Na ji da kunnena ranar sunan ɗiyar Zainab, Abba yana gaya wa surukai wai babansa ya yi kuka a gaban 'yan sandan Saudiyya saboda an sace masa abin wasan yara, ana ta dariya har wata tsohuwa ta ƙware da kunu. Na ƙyale shi, don taron ba nawa ba ne. Amma tunda Allah ya ba ni tsawon rai, hannuna kuma bai fara rawa ba tukuna, bari in rubuta yadda abin ya faru. Na farko dai, ba abin wasan yara ba ne. Na biyu, kukan ba a gaban 'yan sanda na yi shi ba.

A lokacin muna zaune a Riyad, a unguwar Suwaidi, a bene, saman shagon wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ni kuma ina tuƙa motar ɗaukar kaya ta wani kamfani, in ɗauko a sitocin Sulai in kai Birnin Masana'antu na Biyu, in dawo. A wata masana'anta da nake sauke kaya akwai wani tsohon Bature injiniya, mutumin Jamus, da ya ajiye ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasa a kan teburinsa. Duk sanda na shiga a sa mini hannu sai in tsaya ina kallon abin nan, har ya gaji ya tambaye ni dalili. Na ce masa ubana fayaman ne a reluwe, wato mai zuba wa injin kwal, daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda. Ranar da zai bar ƙasar ya kira ni ya loda mini kwalayen jiragensa a mota, ya ce matarsa ta rantse ba za su koma gida da su ba. Da ina da wayo da na gane gargaɗi ne, amma godiya kawai na yi na ja mota.

Jiragen nan ba irin na roba da ake saya wa yara ba ne. Na ƙarfe ne, masu nauyi a hannu, da lantarki suke tafiya a kan layin dogo siriri kamar tsinken tsire. Gidanmu ɗaki uku ne: namu, naku ku biyu, sai wani ɗan ƙarami da uwarku Rabi ta sa wa ido tun ranar da muka tare, ta ce na Zainab ne idan ta girma. Na ce mata aro zan yi na ɗan lokaci. Na kafa katako a kan ƙafafu daga bango zuwa bango, na shimfiɗa layi, sannan na shiga gina tashar Zariya yadda na san ta ina yaro. Tankin ruwa da gwangwanin tumatir na yi shi, rumfar fasinja da tsinken ashana. Kukar da ke bayan loko, wato garejin injunan jirgi, inda masu tallan rogo suke zama, da waya da soson wanke-wanke na haɗa ta, uwarku ta yi ta neman sosonta tana zargin ku. Ƙasar ma ta Zariya ce, ja, wani abokina da ya je hutu ya kawo mini a gorar ruwa, bayan ya sha tambayoyi a filin jirgi. Duk Juma'a da la'asar ina kasuwar haraj, inda ake sayar da tsofaffin kaya, ina tona kwalayen Turawan da suka tashi. Yau in samo tarago, wata ran gada, wata ran in dawo hannu rabbana sai ciwon baya. Haka aron ɗan lokaci ya zama shekaru.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba a lokacin, ita ma uwarku ba ta sani ba. Kakanku bai bar hoto ko ɗaya ba. Mutum ne da ba ya son tsayawa gaban mai hoto, wanda aka yi musu na ma'aikata kuma gara ta cinye shi a akwatin innata. Abin da ya rage mini na fuskarsa shi ne wanda ke cikin kaina, shi ma kullum yana dusashewa. Abu ɗaya ne bai dusashe ba. Layin dogo ta bayan gidanmu ya bi, duk sanda jirginsu zai fita sai in hau katanga, shi kuma ya leƙo da jar dararsa, baƙi ƙirin da kwal, ya ɗaga mini shebur sama. To a cikin kayan Baturen nan akwai wasu 'yan mutane na roba, kowanne bai kai gaɓar yatsa ba, duk farare tas. Na ɗauki ɗaya mai riƙe da shebur, na shafa masa fenti ya koma kalarmu, na ɗiga masa ja a ka har ya ɗan zubo masa a kunnen hagu, na tsayar da shi a cikin baƙin injin mai hayaƙi. Abin da bai yi mini ba kawai, shebur ɗinsa a ƙasa yake, yana ɗiban kwal, ba ya ɗagowa. Duk da haka in na kunna jirgin ya zagayo ta gabana nakan ce Allah ya jiƙan Baba, ya sake zagayowa in sake cewa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Namiji mai furfura a gemu ba ya zama a majalisa ya ce ga ubansa nan a cikin jirgin wasa.

Saboda haka na sa wa ɗakin doka, na kuma sa masa kwaɗo, ƙato, irin wanda ake rufe sito da shi. Ba mai shiga in ba na nan, ba mai taɓawa ko ina nan. Ku biyu daga bakin ƙofa kuke kallo, hannuwa a baya. Wani abin alfaharina kuma shi ne ƙura. Kun san Riyad in iska ta taso, har cikin firji sai ka sami rairayi. Amma ɗakin nan tas yake kullum, ko a rufin tarago ba ka ganin ƙura. Na tabbatar wa kaina salon da na liƙe tagar da salatif ne, har na zama malamin liƙe taga a unguwa. Mutane su zo in koya musu, su koma su liƙe, ƙura ta ci gaba da shigar musu, in ce hannunsu ne bai faɗa ba tukuna.

Uwarku kuwa ba ta taɓa fasa maganarta ba. Ba ta faɗa, sai dai ta jefo ta daidai lokacin da na kai loma baki.

"Malam, Zainab fa ta fara sa abaya, har yanzu ɗaki ɗaya take kwana da ƙaninta."

"Ana nan ana shiri."

"Jiragenka kuma ɗakinsu daban, har da na'urar sanyi."

"Ai zafi yana lalata musu waya, Rabi."

"To. Ita 'yar taka da baƙin ƙarfe aka yi ta."

Shekarar da aka fara tone titunan Riyad za a yi jirgin ƙasa na cikin gari, a shekarar aka yi mana satar. Ranar Juma'a ce, mun tafi sunan ɗan wani mutumin Gusau a istiraha, irin gidajen nan da ake haya don biki a bayan gari. Muka dawo gab da magariba da ragowar naman suna a leda, muka tarar da ƙofa a ɓalle. Uwarku ta yi salati ta ruga ɗaki, ta fito da safar da take ɓoye 'yan kunnenta da awarwaro, ba abin da ya taɓa su. Talabijin na nan, tukunyar gas na nan. Ni kuwa ina tsaye a gaban ɗan ƙaramin ɗakin, ƙaton kwaɗona yana ƙasa a yanke. Ashe ɓarawo in ya shiga gida ƙofar da ta fi kowace tsaro yake nema, ni kuma na yi masa alama da hannuna. Sun kwashe injuna, sun kwashe taragai, sun ɓamɓare layin dogon har ƙusa, sun haɗa da tiransifoma da gada. Abin da suka bar mini shi ne jar ƙasa, da tankin gwangwani, da kukar soso tana tsaye ita kaɗai. Na durƙusa na lalube ƙarƙashin katakon lungu-lungu ko ɗan mutumin nan ya faɗo. Babu shi.

Mai gadin gidan ya ce shi masallaci ya tafi, daga can ya wuce cin abinci. Aka kira shurɗa. Ɗan sandan da ya zo mutum ne mai kirki, mai ƙaton tumbi, ya hau benen yana haki. Ya tambayi abin da aka ɗauka, na faɗa masa da Larabcina na direbobi. Ya duba ɗakin, ya duba kukar soso, sai ya sunkuya wajen Abba, ya ciro alewa a aljihu ya miƙa masa.

"Ma'alesh ya walad, yi haƙuri. Baba zai saya maka wani."

Kai kuma Abba, da Larabcinka da ya fi na kowa a gidan, ka buɗe baki ka ce:

"Ba nawa ba ne, na Baba ne. Ni ko taɓawa ba a bari in yi."

Ɗan sandan ya miƙe, ya dubi gemuna, ya dubi hulata. Bai yi dariya ba, wannan kam na shaide shi. Ya sake sa hannu a aljihu ya ciro wata alewar ya miƙo mini. Na karɓa na yi godiya, don baƙon da iƙamarsa, wato takardar zama, ta kusa ƙarewa ba ya mayar da hannun hukuma. Idona ya yi ja, ban musa ba, amma ko ɗigo bai zubo ba. Ku gyara wannan a labarinku.

Washegari aka fara zuwa jaje. Kun san mutanenmu, ko a bangon duniya muke, in abu ya sami ɗaya sai an zo an zauna. Falo ya cika da direbobi da magina da masu aikin sito, kowa ya cire takalmi ya sami wuri, a yi shiru, sannan wani ya ce Allah ya mayar da alheri, Allah ya tona asirinsu, a shafa. Daga nan sai tambayar da nake tsoro: me da me suka ɗauka? In na faɗa sai a sake yin shiru, amma wannan karon kafaɗu suna rawa. Wani ya tashi ya ce zai amsa waya a waje, muna jiyo shi a matakala yana ƙyaƙyatawa. Wani ɗalibi da muke kira Ustaz Nura, wanda ya taɓa leƙa ɗakin, ya gyara zama ya ce:

"Malam Garba, la'alla wannan alheri ne. Ai na ga 'yan mutum-mutumi a ciki. Ka ga Allah ya raba ka da shubuha ba tare da ka sha wahala ba."

Na ce masa na gode. Raina kuwa in ya yi dubu ya ɓaci, don a cikin shubuhar tasa har da ubana.

Wanda ya jawo mini babbar masifar kuwa masoyina ne, Mamman, mutumin Maraɗi, direban wani gidan Larabawa a bayan layinmu. Mamman bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Su a wajensu in mutum ya yi asara ba a zuwa masa da baki kawai. Wanda gobara ta cinye wa rumbu damin hatsi ake kai masa, wanda aka sace wa akuya a haɗu a ba shi 'yar akuya. Ya shigo da yamma da leda a hammata, ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya zaro abin. Jirgi ne na roba, ruwan ɗorawa, da fuska a gaba, da idanu masu juyawa. Ya danna wani wuri a cikinsa ya ajiye a kan kafet. Abin ya kama walƙiya ja da kore, ya fashe da waƙa da wani yare da ban san ko na ina ba ne, ya ruga ya daki bango, ya juyo, ya nufi ƙafar Ustaz.

"Ga shi, Malam Garba. Wanda sunka ɗauka ai ba shi waƙa. Wanga kau yana yi, kuma ba ruwanshi da hanya, ko'ina tahiya yakai."

Me zan ce? Mutum ya ɗauki guminsa ya sayo mini, idonsa a kaina yana jira. Na karɓa da hannu biyu na ce wallahi Mamman ka gama mini komai, wannan ya fi na da. Wannan kalmar ita ta kashe ni. Kafin Juma'a ta zagayo labari ya kai Sulai cewa Malam Garba ya ce na roba ya fi, har zuciyarsa ta yi sanyi. Duk wanda ya yi dariya a jajen farko kunya ta kama shi, ya ga ga hanyar wanke kansa cikin sauƙi. Sai ga mutane suna hawo bene ɗaya bayan ɗaya, kowa da leda. Akwai mai fitar da kumfa ta bututun hayaƙi. Akwai mai kan agwagwa. Akwai wanda ke karanta alif, ba, ta. Wani magini ya kawo motar kashe gobara, ya ba ni haƙuri, ya ce mai shagon ya ce jirage sun ƙare, wai wasu 'yan Afirka ne suka yi ta zuwa suna saye, har yana tambaya ko wata salla ce ta ƙasarmu. Kuma kun san ba a karɓar kyauta a tura ƙarƙashin kujera. Dole in kunna a gaban mai ita, in yaba, in ce ta fi ta da. Wanda ya kawo nasa tun farko in ya dawo sai ya waiga ya ga ko nasa na nan, sai a ɗauko shi ma a kunna. Na zauna a tsakiyar falona, ni da gemuna, jirage suna karo da juna kowa da waƙarsa, kumfa tana sauka a kan hulata, manyan mutane sun kewaye ni suna cewa Allah ya tsayar nan.

Ku kuna jin daɗi, na sani, don karon farko ke nan da aka bar ku kuka taɓa jirgi a gidan. Ni kuwa ramewa nake. Abinci ya daina shiga. In na fita aiki, duk titin da na bi an tone shi an kafa allo da hoton jirgin da za a yi, Mamman kuma yana ce mini in ƙara haƙuri, ga gwamnati ma ta ji labari za ta yi mini babba. Na bi kasuwar haraj rumfa-rumfa har masu kaya suka san ni, in na doso sai su kaɗa hannu tun daga nesa su ce mafi, babu. Injunan ban damu da su can ba, ƙarfe ne, wani Baturen zai sake tashi. Abin da ke cina shi ne na san ɓarawo ba zai ga komai a jikin ɗan mutum mai jar hula ba. Zai ɓalle shi da farce ya yar a kwata. Sai na ji kamar Baba ya sake rasuwa, wannan karon kuma ba wanda ya yi masa salla, ni kuma ba halin in karɓi gaisuwa.

A duk kwanakin nan uwarku ta canza. Na zaci za ta yi murna ta fara auna labule, amma ko sau ɗaya ba ta ta da maganar ɗakin ba. Ta rage magana, in na shigo sai ta sami abin yi a kicin. Na ɗauka tausayina take ji. Wata Asabar da hantsi, kuna makarantar hadda, ta ajiye mini shayi da gurasa, na ture tiren gefe. Wajen turewa na taka mai kan agwagwa, ya kama waƙa.

"Malam, ya isa haka. Waɗanda aka yi wa rasuwa ma suna cin abinci. Ƙarfe ne fa da waya."

"Ba ƙarfen ba ne."

"To mene ne? Ka faɗa mini, don na gaji da kallonka kana bushewa."

Ban san yadda aka yi ba, bakina ya buɗe. Na gaya mata hoton da gara ta ci, na gaya mata katanga da shebur, na gaya mata ɗan mutumin da na shafa wa fenti. A nan na yi kukan, a falo, a gaban uwarku, agwagwa tana zagaya ƙafata. Kuma kuka na yi sosai, irin wanda ban samu na yi ba ranar da aka binne shi, don ranar ni ne babba, ni nake karɓar mutane. Da na ɗago sai na ga ta dafe ƙirji, ido waje.

"Mai jar hular nan, wanda fenti ya zubo masa a kunne? Baba ne?"

"Ina kika san fenti ya zubo masa a kunne? Ai daga bakin ƙofa ba a hango shi."

Ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati, ta fito da gwangwanin biskit ɗin da take ajiye allura da zare. Ta buɗe, ta zaro wani ƙullin auduga ta ajiye a tafin hannuna, sannan ta koma kusa da ƙofa ta tsaya kamar mai shirin gudu. Na warware. Ga shi nan, da jar dararsa, da fentin kunnensa.

"Malam, ka yi mini rai. Ina da makullin ɗakin. Tun shekarar farko na kai aka yanka mini, ranar da ka manta naka a aljihun wanki. In ka fita aiki nakan shiga in share. Ana gobe za a yi satar ina goge baƙin nan da gashin kaza, sai ɗan mutumin ya faɗo, hannunsa ya cire. Na ɗauke shi in liƙa in mayar kafin ka gani, sai na liƙa shi ba daidai ba, gam ɗin kuma ya kama. Ina neman dabara ke nan aka yi satar. Da na ga yadda ka koma, na ce in na fito da shi za ka gane ina shiga, ka ce ni na nuna musu hanya. Wallahi ban san Baba ne ba, da ban kwana da shi a cikin allurai ba."

Ya kamata a ce na faɗi wata magana mai nauyi a wannan lokacin. Abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ke nan ƙurar..."

"Ni ce."

"Ba salatif ba?"

"Wane salatif, Malam? Tagar nan har ƙadangare yana shigowa ta gefenta. Kana ta tara mutane kana koya musu, matan unguwa suna ta yi wa mazansu gori wai ba su iya komai ba."

Na kai shi kusa da idona in ga ɓarnar da ta yi. Hannun nan da yake ƙasa yana ɗiban kwal, ta juya shi ta liƙa shi yana kallon sama. Shebur ɗin ya wuce kansa. Na daɗe ina kallo, har ta matso a hankali ta ce in na yarda za ta sa shi a ruwan zafi ko gam ɗin zai saki, ta mayar da shi yadda yake.

"Kada ki taɓa shi," na ce mata. "Haka yake yi mini."

A ranar na yanke shawarar ɗakin. Ba uwarku ce ta hana ni ba, kamar yadda Zainab take faɗa, kuma ba zuciya na yi ba. Da na so da na sake tarawa, don Turawa ba su daina tashi ba, haraj ba ta daina ci ba. Amma na zauna na duba, sai na ga abin da na tsare da ƙaton kwaɗo an tafi da shi, wanda ya tsira kuma a hannun wadda na hana shiga ya tsira. Na kwance katakon da kaina. Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. Ranar da na tattara jar ƙasar nan na mayar a gora sai da na zauna a ƙasa na huta, har muka bar Riyad kuma ban sake taka haraj ba, don na san kaina. Aka yi wa ɗakin fenti ruwan hoda, Zainab ta tare. Soson kukar uwarku ta karɓe abinta, ta ce ko ba ta wanke kwano da shi ba nata ne.

Jiragen jaje kuwa a hankali muka riƙa fitar da su zuwa gidajen masu yara, ɗaya-ɗaya, yadda masu su ba za su ji ba. Na Mamman kaɗai na riƙe, don fayaman ba ya zama ba jirgi. Na liƙa Baba a bayan kan nan mai idanu masu juyawa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a bakin wuta sai ga shi a jirgin roba mai waƙa, yana dukan ƙafar kujera yana juyowa. Da Mamman ya gani bai tambayi ko wane ne ba, cewa ya yi ai ya faɗa mini tun farko wanga ya hi. Ku kuma da yammar nan na kira ku, na ce ku matso, ku saki hannayenku daga baya. Na gaya muku ko wane ne. Zainab ta yi tambayar da ta fi ƙarfina, wai me ya sa ban faɗa ba tun da. Kai kuma Abba a ranar ka gane dalilin da ya sa ba a kiran sunanka na yanka a gidan, ka ɗauke shi da yatsu biyu kana riƙe numfashi.

Ɓarayin ba a kama su ba, ko ƙusa ɗaya ba ta dawo ba. Na daina yi musu Allah ya isa tun da daɗewa, sai dai har yanzu nakan yi tunanin fuskarsu da suka buɗe buhu suka ga abin da suka yanke kwaɗo dominsa. Jirgin Mamman ya daina waƙa tun kafin mu dawo Zariya, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Yana nan a kabad ɗin uwarku mai gilashi, a tsakiyar tangaran ɗinta da ba a ci a ciki, Baba yana tsaye a kai da shebur a sama. In na zauna karin kumallo daidai ni yake kallo. In kun zo Sallah da yaranku, ku roƙe ta ta buɗe musu su gani kusa, ku kuma ba su labarin yadda yake. Makullin yana hannunta. Ni ma sai na roƙa.